Dausayin bayan makarantarmu: a yashe shi, a cike shi, ko da sauran rai a jikinsa?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ruwa da muhalli a wannan zaure.

Akwai wani dausayi a bayan makarantar da nake koyarwa, a tsakiyar gari, gidaje sun kewaye shi ta gefe uku. Faɗinsa yanzu bai wuce filin ƙwallo huɗu ba, amma dattawan unguwa sun ce a da ya ninka haka, har inda tashar mota take a yau duk ruwa ne. Manyan kwatoci biyu ke zuba a cikinsa. Ɗaya ta ruwan sama ce daga kan titi, sai da damina take kawo ruwa. Ɗayar ba ta ƙafewa ko da rani ya yi tsanani, ruwanta baƙi ƙirin, daga gidaje da wajen wankin motoci da wata 'yar mayanka yake gangarowa. Ta gabas kacalla ta cinye wurin, ta fi mutum tsawo. Tsakiya kainuwa ta rufe ruwan ruf. Ta yamma ne, inda ruwan ke fita ta ƙarƙashin wata ƙaramar gada, ake ganin sauran bado da balbelu, wani lokaci da zalɓe guda a tsaye. Ana kuma ta zuba ɓaraguzan gini a bakinsa, yau tifa ɗaya gobe biyu, in aka kwana biyu sai ka ga an haƙa harsashi a kai.

Kwamitin unguwa, wanda ni ne sakatarensa, ya samu alkawarin tallafi don a gyara wurin. Wani ɗan kwangila ya kawo mana zane mai ban sha'awa: a yashe shi zurfin mita 3, a kwashe ciyawar kaf, a yi masa katangar siminti a kewaye, a sa fitilu da kujeru. Rabin kwamiti sun yi na'am. Sauran rabin sun ce ɓata kuɗi ne, a cike shi kawai a huta da wari da sauro. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba, amma ba ni da hujjar da zan kafa a taro, don fannina lissafi ne. In na ce "wurin yana da amfani" sai a tambaye ni wane amfani, kuma da me na auna.

To tambayata ke nan. Da me ake auna lafiyar irin wannan wuri, a ce wannan yana da rai, wancan ya mutu? Akwai abin da ni da ɗalibaina za mu iya aunawa da kanmu ba tare da ɗakin gwaji ba? In kuma za a gyara, ta ina ake farawa? Na gode.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, ka roƙi kwamiti su ajiye zanen nan a aljihun tebur na damina ɗaya da rani ɗaya. Wanda bai ga wurin a cike ba kuma bai gan shi a ƙafe ba, bai san abin da zai gyara ba.

Mutane in an ce dausayi sai hankalinsu ya tafi kan tsuntsaye da ciyayi. Ni da ruwa nake farawa: daga ina yake zuwa, kwana nawa yake yi, ta ina yake fita. Ciyayi da kifi da tsuntsu duk bayan ruwa suke bi. In ka gyara ruwan, da yawansu za su dawo da kansu, don ƙasar dausayi tana ajiye iri a cikinta shekara da shekaru. In ba ka gyara ruwan ba, ko me ka dasa kacalla za ta cinye shi.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta kasa awon lafiyar dausayi hawa uku, kuma tsarin yana da sauƙin bi. Hawa na farko daga sama ake dubawa, da taswira da hoton tauraron ɗan'adam. Na biyu zagaye ne da ƙafa, mutum biyu da takarda a hannu, cikin yini ɗaya ko ƙasa da haka. Na uku shi ne na ɗibar ruwa da laka a kai ɗakin gwaji. Na farko da na biyu ba su fi ƙarfinku ba.

Ka buɗe Google Earth a kwamfuta, akwai wurin da ake komawa tsofaffin hotuna. Ka zana iyakar dausayin a hoto mafi tsufa da ka samu, ka zana ta bana, ka fitar da bambancin a hekta. Wannan aikin malamin lissafi ne, kuma ita ce hujjar farko da za ka aza a gaban taro. Daga nan ka duba duk unguwannin da ruwansu ke gangarowa nan, ka ƙiyasta kashi nawa ne na ƙasar aka rufe da rufi da kwalta da siminti. Binciken da aka yi a kan ƙoramun birane ya nuna in rufin ya kai wajen kashi 10 cikin 100 lalacewa ta fara bayyana, in ya haura kashi 25 abin ya yi nisa. Naku na tsakiyar gari tabbas ya wuce haka, kuma ma'anarsa ita ce ruwan sama ba ya nutsewa a ƙasa, gaba ɗaya yake zubowa lokaci guda da gudu, da yashi da leda da man mota. Saboda haka kada ka sa ran zai koma yadda dattawa suka san shi. Abin da za a nema shi ne mafi kyawun abin da zai iya zama a tsakiyar gari.

Sai awon ruwa. Ku kafa sanda mai alamar santimita a wuri uku: bakin baƙar kwatar, tsakiya in ana iya kaiwa, da wajen gada. Ɗalibi ɗaya ya riƙa karantawa rana ɗaya a mako, a lokaci ɗaya, da kuma washegarin duk wani babban ruwa. A gefen da ya bushe ku haƙa rami zurfin mita 1, ku sa bututun roba da aka huhhuda gindinsa, ku riƙa auna inda ruwan ƙasa ya tsaya a ciki. Ku kuma dubi ƙasar da kuka tono. In ta fito toka-toka da ɗigon ja kamar tsatsa, ƙasar dausayi ce, ko da yau ba ruwa a kanta. Da wannan ake gane ainihin iyakar wurin, har a ƙarƙashin ɓaraguzan da aka zuba.

Maganar yashewa mita 3 kuwa, ban goyi baya ba ko kaɗan. Aikin dausayi a wurin da ba zurfi yake faruwa, daga idon sawu zuwa kamar rabin mita, inda rana ke kaiwa ƙasa, saiwoyi ke rage wa ruwa gudu, ƙwayoyin halitta na cikin laka ke mayar da naitirojin na ƙazanta ya koma iska ya tashi. In ka yi zurfi ka kewaye da siminti, ka samu tankin ajiye ruwan kwata. Ƙasansa ba iska, samansa gansakuka, kuma katanga a tsaye da zurfin mita 3 a bayan makaranta haɗari ne ga yara. Ga kuma lakar kanta. Shekarun da aka yi ana zuba ruwan wankin mota da na gidaje, dalma da sauran ƙarafa masu guba a cikin laka suke kwanciya. Ɗan kwangilar ya faɗa muku inda zai kai ta? A wannan ne kaɗai zan ce ku kashe kuɗin gwaji tun yanzu: a ɗebi laka daga wurare kaɗan a auna ƙarafan cikinta kafin katafila ta taɓa wurin.

Baƙar kwatar nan ita ce ciwon. Ruwa ba ya tsami banza.

Baban Yara ya amsa:

Injiniya, da girmamawa, ku masana kuna magana ne daga ofis. Ni gidana yana bakin irin wannan wuri a wani garin, kuma na san abin da muke sha. Da magariba ba a zama a tsakar gida. Yara ba sa rabuwa da zazzaɓi. Waɗanda ke shiga wanka a ciki wasu sun yi tsargiya. Ga wari in rana ta take. Yanzu sai a ce mu jira shekara guda ana karanta sanda? Su balbela da zalɓe ai suna da fiffike, su nemi wani wurin. Malam, in ka ji shawarata ka bi bayan masu cewa a cike, a yi wa yaran makarantarku filin wasa. Lafiyar mutum ta fi ta kwaɗo.

Malama Mai Nazarin Halittu ta amsa:

Baba, kukanka gaskiya ne, kuma duk gyaran da bai rage sauro da wari ba ba gyara ba ne. Amma bari in ɗan rarrabe. Sauron da ke cika gida da dare a kusa da ruwan kwata yawanci jinsin da ke son ƙazamin ruwa ne, wanda kifi da sauran masu cin tsutsarsa ba sa iya rayuwa a ciki. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro kuwa ya fi son ƙananan ruwaye da rana ke bugawa: sawun taya, ramin da aka ɗebi ƙasa, ruwan da ya kwanta tsakanin tulin ɓaraguzai. Wato cikewar da ake yi tifa-tifa ita kanta tana haifa masa wurin ƙyanƙyasa. Inda ruwa ke da ƙananan kifaye da 'ya'yan mazari da buzuzun ruwa, tsutsar sauro abincinsu ce. Ba na ce za ta ƙare ba, gidan sauro dai ba a daina kwana a cikinsa. Tsargiya kuma daga fitsari ko bayan gidan mai cutar take shiga ruwa, ta bi ta jikin wata ƙaramar katantanwa ta koma wa mutum, don haka maganinta banɗaki da shan magani da hana yara wanka a wurin. In an cike, ruwan da dausayin ke riƙewa da damina ba ɓacewa zai yi ba, gidajen da suka fi kwari zai shiga.

Malam, ga abin da ɗalibanka za su iya.

Abu mafi faɗin gaskiya shi ne iskar oksijin da ke narke a cikin ruwa, amma lokacin awo shi ne komai. Da rana gansakuka da ciyayin cikin ruwa suna fitar da oksijin, sai ka auna da la'asar ka ga lamba mai kyau ka yi murna. Da dare su da ƙwayoyin da ke cin ƙazanta duk shaƙa suke yi, sai ruwan ya wayi gari ba komai. Saboda haka da asuba ake aunawa, kafin rana ta fito. Ruwa mai ɗumin digiri 25 ba ya riƙe fiye da kusan miligiram 8 a lita in ya ƙoshi. Yawancin kifi suna son 5 zuwa sama. In ya faɗi ƙasa da 2, sai masu taurin rai irin su tarwaɗa, wadda ke iya shaƙar iska daga sama. Akwai ƙananan kayan gwaji na ɗigawa da masu kiwon kifi ke amfani da su, sun isa wannan aikin. Ku haɗa da takardar awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, da 'yar na'urar aljihu mai auna yawan gishirin da ke narke a ruwa. Ita wannan na'urar lambarta ɗaya ba ta faɗin komai, amfaninta a kwatance yake. Ku auna a bakin baƙar kwata, ku auna a wajen gada rana ɗaya. In ruwan da ke fita ya fi wanda ke shiga haske da oksijin da ƙarancin wari, to dausayin yana aiki har yanzu, kuma kun samu amsar masu tambayar "wane amfani".

Awon ruwa hoton rana ɗaya ne kawai. Ƙananan halittun da ke zaune a laka da jikin saiwoyi su ne ke ba da labarin watannin baya, don ba su da inda za su gudu. Ku ɗinka rariya da ƙyallen gidan sauro a bakin sanda, ku kaɗa ta a cikin ciyawar bakin ruwa na ɗan lokaci ƙayyadadde, iri ɗaya a kowane wuri, ku juye a farin faranti da ɗan ruwa, ku jira su fara motsi. In abin da kuka gani jajayen tsutsotsi ne sirara birjik, da wata farar tsutsa mai doguwar jela da take miƙawa sama don shaƙar iska, da matsattsaku, ruwan ya shaƙe. Jan da ke jikin tsutsar nan sinadari ne irin na jininmu, shi ke ba ta damar zama inda iska ta yi ƙaranci. In kuka ga 'ya'yan mazari, da buzuzun ruwa iri-iri, da talibambam, da wasu ƙananan ƙwari masu jela uku sirara, akwai rai. Yawan iri ake dubawa, ba yawan kai ba. Halitta dubu iri ɗaya alamar ciwo ce.

A Afirka ta Kudu sun shirya wa 'yan makaranta wani tsari mai suna miniSASS, da hotunan halittun da makin kowanne. Hotunan za su taimaka muku wajen ganewa, amma kada ku ɗauki makin ku yanke hukunci da shi, don an tsara shi ne saboda ƙoramu masu gudu. Ruwan da ke kwance ko yana da cikakkiyar lafiya ba zai ci maki mai yawa ba. Na dausayi a can shi ne WET-Health, wanda ke duba tafiyar ruwa da yanayin ƙasa da ciyayi, ya ba da daraja daga A zuwa F gwargwadon nisan wurin da yadda yake tun asali. Dabarar da ke cikinsa ita za ku ara: ku nemi wani dausayi irin naku a bayan gari wanda kwata ba ta zuba masa, ku yi masa awo iri ɗaya a mako ɗaya, ya zama ma'auninku.

Balbelun nan kada su ruɗe ka, Malam. Balbela har a juji tana kiwo. Zalɓen ya fi ta zama shaida, don ba ya tsayuwa inda ba kifi ko kwaɗo. Badon ma alama ce mai kyau.

Sannan ka duba kainuwar da kyau. In tana da fure shuɗi mai ɗan ja-ja da kumburarren kara, baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, wadda ta addabi tafkin Victoria a shekarun 1990. A ruwa mai taki tana iya ninka kanta cikin kamar mako biyu, irinta kuma yana daɗewa a laka shekaru masu yawa. Ku kwashe ta da hannu da manjagara, ku kai ta nesa da ruwa ta bushe, kada ku fesa magani ta ruɓe a ciki ta ƙarasa cinye oksijin ɗin. Amma muddin takin kwata na shigowa za ta dawo. Kacalla kuma kada a kwashe ta kaf. Wadda ke bakin kwata ita ke tace muku ruwa kyauta. Inda ake son buɗe fili, a yanke ta ƙasa da saman ruwa yadda ruwan zai rufe kututturen, don ta cikin karan nata iska ke sauka zuwa saiwa, in an toshe sai ta mutu. Ƙonawa ba ta kashe ta, sai ma ta fito da ƙarfi.

Safar hannu da takalmin roba ga duk ɗalibin da zai taɓa ruwan, kuma kada a bar kowa ya shiga ɓangaren baƙar kwatar.

Malamin Lissafi ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Malama. Baba, ni ma ina da yara a unguwar, ban raina maganarka ba. Na leƙa da safen nan, kainuwar mai shuɗin furen ce. Na kuma buɗe tsofaffin hotunan kamar yadda Injiniya ya ce, gefen kudu gaba ɗaya ya tafi, layin gidaje biyu ne a wurin yanzu.

Abu biyu suka rage mini. Na farko, yayin da muke awo, masu tifa ba za su jira mu ba. Me ke tsayar da su? Na biyu, wani ɗan kwamiti ya ce ya ji a Indiya akwai garin da ke kiwon kifi da ruwan kwata, yana so mu zuba kifi mu riƙa sayarwa don wurin ya riƙe kansa. Gaskiya ne, kuma zai yiwu a namu?

Mai Tsara Birane ta amsa:

Malam, ta farkon ita ce fannina, kuma a ganina ta fi duk sauran gaggawa. Gurɓataccen ruwa ana iya gyara shi bayan shekara goma. Wurin da aka aza bene a kansa ya tafi ke nan.

Kada ka dogara da yarjejeniyar duniya ta cece ku. Yarjejeniyar Ramsar, wadda aka amince da ita a birnin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971, ita ce babbar inuwar dausayoyi, amma rahoton da ita kanta ta fitar a 2018 ya ce duniya ta rasa kusan kashi 35 cikin 100 na dausayinta tsakanin 1970 da 2015. Ƙananan na cikin gari irin naku ba sa shiga jerinta ma, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa, don ba wanda ke lissafa su. Abin da ke kare su takarda ce a ofishin filaye da na tsara gari. Ku fara bincika wa ke da filin a rubuce. Sau da yawa sai ka tarar taswirar hukuma ta nuna wurin a matsayin fili fetal, wani lokaci ma an riga an yanka shi fuloti-fuloti a takarda. Ku nemi a turo mai awon ƙasa ya kafa duwatsun iyaka bisa inda ruwa ke kaiwa in damina ta cika da inda ƙasar dausayi ta tsaya, ba bisa inda ruwa yake da rani ba. Ku nemi a shigar da shi cikin taswirar gari a matsayin hanyar ruwa da matattarar ambaliya, da tazarar da ba a gini a kewayensa, mita 15 zuwa 30 in wuri ya bari. Kalmar ambaliya ita ke buɗe kunnen hukuma. In kuka je da maganar tsuntsaye za a ba ku kujera a saurare ku a sallame ku.

Ku tafi da misalai. A Chennai ta Indiya, dausayin Pallikaranai an cinye mafi yawansa da gine-gine da tituna da katafaren juji, kuma da ambaliyar ƙarshen 2015 ta zo, unguwannin da aka gina a kansa da kewayensa suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. Sai a 2022 aka sa ragowarsa a jerin Ramsar. A Kampala, dausayin Nakivubo ne ke tsakanin ƙazamin ruwan birnin da gaɓar tafkin Victoria inda ake ɗibar ruwan sha. Wani nazari na 1999 ya ƙiyasta aikin tacewar da yake yi da fiye da dala miliyan 1 a shekara, amma duk da haka an ci gaba da cin gefensa da gonaki da gidaje, wanda ke nuna lissafi shi kaɗai ba ya tsare fili. A Landan kuwa, tsofaffin matattarar ruwan famfo huɗu da aka daina amfani da su aka farfasa aka mayar dausayi mai faɗin sama da hekta 40, aka buɗe shi a 2000, kuma da kuɗin gidajen da aka gina a wani yanki na filin aka yi aikin. Na kawo wannan ne don in ciniki ya kama, wani lokaci gara a sallama gefen da ya riga ya tafi a samu takardar kare sauran.

In aka ce muku a cike wannan a haƙa wani a bayan gari a madadinsa, ga amsa. A 2012 an wallafa wani nazari da ya tattara sakamakon dausayoyi 621 da aka farfaɗo ko aka ƙirƙira a sassan duniya, aka ga ko bayan shekaru masu yawa suna ƙasa da na asali da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a halittunsu da kuma aikin ƙasarsu. Kuma na bayan gari ba zai riƙe ruwan unguwarku ba.

Shawara ta ƙarshe, wurin da kowa ya juya wa baya shi ake zuba wa shara. A nan ɗan kwangilarku yana da gaskiya rabi: hanyar ƙafa a kewaye, da fitila, da wurin zama, suna jawo idon mutane, kuma hanyar ita kanta iyaka ce da kowa ke gani. A yi ta a kan tudu bayan tazarar, ba a bakin ruwa ba. Ku toshe mashigar da tifa ke bi da turaku. Masu yankan ciyawa da masu lambu da ke cin abinci a wurin ku sa su cikin kwamiti, don su ne ke nan da sassafe lokacin da ake zuwa juye kaya.

Tsohon Injiniya ya sake amsawa:

Maganar Indiya gaskiya ce, Malam. Dausayin gabashin Kolkata ne, faɗinsa hekta 12,500, yana jerin Ramsar tun 2002, kuma injiniya Dhrubajyoti Ghosh ne ya fito da yadda yake aiki duniya ta sani. Amma ka lura da yadda suke yi. Tafkunan ba su da zurfi, wajen mita 1 ne. Masu kifin ne ke buɗe ƙofar ruwa su shigar da ruwan kwata daidai gwargwado, su bar shi kwanaki rana da gansakuka su yi aikinsu kafin a zuba kifi, sannan lokaci-lokaci su busar da tafkin su gyara ƙasansa. Ku ba ku da ƙofa, kwatar ce ke zuba yadda ta ga dama, da man mota da jinin mayanka a ciki. Kada a ci ko a sayar da kifin wurin sai sakamakon gwajin laka ya fito, in kuma ya nuna ƙarafa, a auna naman kifin shi ma.

Ga abin da zan ce wa ɗan kwangilar ya sake zanawa da kuɗin nan. Wajen wankin motoci a sa masa tarkon mai, mayanka ta daina sakin jini da tumbi a kwata, wannan a can sama za a yi shi. A bakin kowace kwata a sa ragar ƙarfe mai tare leda, da ɗan kududdufi mai zurfi wanda yashi zai kwanta a ciki, da hanyar da mota za ta iso a kwashe shi kafin kowace damina. Nan kaɗai ake buƙatar siminti da zurfi. Daga nan ruwan ya bazu cikin kacalla a hanya mai lanƙwasa, yadda zai yi kwanaki kafin ya kai tsakiya maimakon ya miƙe zuwa gada cikin awa ɗaya. Gaɓar a kwantar da ita a hankali, kada a yi ta tsaye. A wajen gada a sa ƙofar katako da ake ƙarawa ko ragewa, don a iya sauke ruwan kafin damina a ba ambaliya wuri, a kuma bar gefe ya riƙa bushewa da rani, saboda ruwan da ke tsaye wuri ɗaya duk shekara shi kacalla ta fi so.

Kada ku yi mamaki in ruwan ya ci gaba da yin kore shekara biyu ko uku bayan an gyara kwatar. Naitirojin yana tashi sama, amma fosforos, wani sinadarin taki da ke zuwa cikin ƙazanta, ba shi da hanyar fita, yana kwance a laka, kuma duk lokacin da oksijin ya ƙare a ƙasa sai ya sake narkewa ya ciyar da gansakuka. Ka faɗa wa kwamiti wannan tun yanzu, a rubuta a littafin taro. Kuma a ware wani kaso na tallafin don kwashe ragar da kududdufin, da sunan wanda zai riƙa yi, don ragar da aka bari ta toshe ita ce za ta fara mayar da ruwa cikin gidajen mutane.